Yaƙin Gurgun Doki

Fankar ɗakin taron ta fi ƙwarewa a ƙara a kan ba da iska, kuma daidai ƙarƙashinta aka zaunar da Malam Ƙarni, da kati rataye a wuya kamar ɗan firamare. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya buɗe baki bai ce "a ƙarni na kaza" ba.

Ya yi furfura yana koyar da tarihi a ajin zaƙaƙurai na sakandare. Amma bana shugaban makaranta ya ce duk wanda bai kawo takardar shaidar wannan horo na dogon hutu ba, sai ya sauka ya koyar da 'yan aji ɗaya. Akwai kuma wani sabon malami mai ɗamammen wando da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan ajin. Ga shi can a layin gaba, yana ɗaga hannu tun ba a yi tambaya ba.

Kwanakin farko sun tafi lafiya. An raba jakunkuna masu tambari, an sha shayi, an kasa su rukuni-rukuni don su tattauna amfanin kasa mutane rukuni-rukuni. An yi ta jaddada musu cewa malamin tarihi na gaske ba ya karɓar labari sai ya bincika tushensa. Kowa ya rubuta, har da ja layi.

Sai Dakta ta zo, mace mai tabarau da sanyin murya, wadda aka ce jami'o'i na rububinta. Ta ce an ƙara sabon darasi a manhajar bana: Yaƙin Gurgun Doki.

"Su wa suka san shi?"

Hannaye suka tashi kamar an dasa. Malam Ƙarni, wanda bai taɓa cin karo da wannan yaƙi a kowane littafi ba, ya dubi sabon malami, ya ɗaga nasa ya fi na kowa tsawo.

Dakta ta zayyana yadda aka yi. Wani sarki ne ya sayar da dukiyar sarauniya a ɓoye, ya sayi dokin da ba ya tafiya sai an tura shi. Sarauniya ta kwashi 'ya'yan sarki biyu ta koma ganuwar ubanta. Yunwa ta faɗa wa birnin sarki, har aka koma cin ƙonannen abinci. Ya yi ta tura jakadu ana koro su, daga ƙarshe ya taka da ƙafarsa ya durƙusa a bakin ƙofa.

Labarin ya yi wa Malam Ƙarni kama da waƙar da ya taɓa ji a wani wuri, amma ya rasa ina. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, a ranar rufe taro kowa zai koyar da darasin a gaban Dakta, ita ce kuma mai sa hannu a takardar shaida.

Ya garzaya laburare. Duk maƙalar da ya buɗe, sai ya ga Dakta aka ambata a matsayin madogara. Ita kuwa Dakta, tata madogarar "wani babban masani, baki da baki".

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana ɗinke hannun rigarsa da zare da allura. Ya kwashe labarin yaƙin ya faɗa mata, ko zai zauna masa a ka. Ta tsaya da ɗinkin, ta yi masa wani dogon kallo, sannan ta fashe da dariya har da hawaye.

"Baban yara, yanzu wannan za ka tsaya ka koyar?"

"Yana cikin manhaja."

"To ka gaya musu wannan sarkin sakarai ne. Ka ce in ji ni."

Ranar rufe taro sabon malami ya kawo taswira mai launi, har ya nuna mashigar da sarauniya ta bi. Wani ya ja da shi a kan shekarar yaƙin, suka kusa ba hamata iska.

Da aka kira Malam Ƙarni, ya ga ba shi da taswira, sai ya huce a kan sarkin. Ya kira shi sakarai, maci amana, wanda ko akuya bai cancanci a ba shi kiwo ba. Abin mamaki, bayanai suka riƙa zuwar masa da kansu. Ya faɗi launin dokin, ya faɗi baƙar maganar da uban sarauniya ya yaɓa wa sarki a bakin ƙofa. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Dakta ta miƙe, ta cire tabarau tana share ido.

"Malam, ba ka gane ni ba ko? Ni ce yarinyar nan mai zama bakin taga. Jama'a, ga babban masanin da nake ambata. A bakinsa na fara jin yaƙin nan, wata rana da ya shigo mana aji ba littafi, idonsa jajir. Na duba ko'ina ban samu ba, sai na gane shi kaɗai ya adana mana shi."

Aka sake tafi, har da sabon malami. Malam Ƙarni ya karɓi takardar shaidarsa da hannu biyu. Yanzu kam ya tuna ranar. A wancan makon ne bai shirya darasi ko ɗaya ba, bayan matarsa ta kwashi yara biyu ta koma gidan ubanta, saboda ya sayar da keken ɗinkinta ya sayi mataccen babur.