Mai Baki Huɗu

"Inna, me ke cikin ƙunshin nan?" wani jami'in tsaro ya tambaya, da aka tsayar da motar haya a shingen garin Tsamiya.

Asibi ta gyara hijabi. Saƙon ɗanta Muzammilu ne ta karɓo daga Benin, ko buɗewa ba ta yi ba.

"Mai baki huɗu ce. Ya ce mai baki ɗaya ba ta isarsa aiki."

Fasinjoji suka dare. Jami'in ya ja da baya, ya ɗaga bindiga. "Wane aiki yake yi?"

"Ɗaukar mutane, nan Bagudo."

"Ajiye ƙasa! Kwance a hankali!"

Sai lokacin ta gane bindiga suke zato. Ko dai yaron nan ya lalace ba ta sani ba? Tana salati, ta kwance ƙullin.

Ɗan abu ne kamar kwalin ashana, mai ramuka huɗu da guntuwar waya.

Direba ya fashe da dariya. "Oga, abin jona kyamara da firinta ne ga kwamfuta. Hoto yaron ke ɗauka!"

Jami'in ya sauke bindiga. "Yi haƙuri, Inna, wuce."

"In wuce ina? Miƙo buta tukuna. Ka karya mani alwala."