Hayaƙin Gidan Iya Tsuneko

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba.

A garinmu, can tsakanin duwatsun Japan, duk gidan da na'urar gwamnati ta kwana uku ba ta ga hayaƙinsa ba, rushe shi ake yi a dasa itatuwa. Ranar da za a kai Iya Tsuneko, tsohuwar ƙetaren kogi, asibiti, ta damƙa mini makullinta.

"Michiyo, 'yar nan, marigayi mijina ne ya kafa ginshiƙan nan."

"Iya, in aka kama ni fa?"

"Wa ya rage da zai kai ƙara? Birai?"

Washegari na haye gada da itacena, na hura murhunta, sannan na zarce sauran gidaje shida da masu su suka bar mini makullansu.