Ɗan Asalin Titin Shayi

"Kawu, ƙara nuna min, a ina ka ce rijiyar take?"

Tsoho Kuang ya leƙa ta tagar ƙaramin otal ɗin da suka haɗa ɗaki saboda arha, ya nuna wa abokin ɗakinsa Pang. "Can, inda ake sayar da rigunan waya. A gidan bayanta aka haife ni."

Tun da aka rushe unguwar aka sake gina ta da sabon bulo mai kama da tsoho, aka kwashe su Kuang zuwa bayan gari. Yanzu kamfanin da ke kula da titin na neman dattijo ɗan asali, wanda zai zauna da butar shayi yana ba masu yawon buɗe ido tarihi. Kuang ya zo neman aikin, amma ba albashin ne ya dame shi ba, so yake ya ƙarasa kwanakinsa a titinsu. Shi kuwa Pang cewa ya yi baƙo ne daga arewa, son labari ne kawai.

Washegari manajar kamfanin ta saurari Kuang tana kallon takalminsa na roba.

"Baba, ka yi ƙoƙari, amma ba ka yi kama da mutanen nan ba. Mun ma samu na gaske."

Ta kai shi bakin titi. Ga Pang cikin doguwar riga, da farin gemu da aka liƙa da gam, jama'a sun kewaye shi yana ba su labarin rijiyar.

Ya dubi Kuang ya yi murmushi. "Sannu da zuwa, baƙo. In hoto kake so, bi layi."