Yarinyar Da Ba Ta Cikin Takarda

Suwaiba tana tankaɗe motar masu allura ta tsaya a bakin rijiya. Shekara huɗu ke nan da Nasara ya miƙa mulki, kuma shekarar ce gwamnati ke farautar 'yan jam'iyyar Sawaba. Jandarma sun tsare hanyar Gidan Rumji, sun tsare ta iyaka. Mijinta da ya tafi cin rani kudu ya kasa dawowa. Ƙyanda kuwa ba ta tambayi kowa hanya ba, ta riga ta cinye yara a ƙauyuka biyu gabas da Cadakori.

Masu motar ba allura suka kawo ran nan ba, takarda suka kawo. Sabon rigakafi ne ake gwadawa, kuma kaɗan ne. Gidan da aka rubuta, yaransa za a yi wa, a riƙa bibiyarsu a ga ko ya yi aiki. Mai rubutun mutumin Dahome ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Bayansa soja ɗaya da bindiga.

"Ɗiyanki nawa?"

Suwaiba ta nuna Gado, ta nuna Halima, ta juya ta nuna Idrisa a goye. Ya rubuta uku.

Gidan da ke jikin dangarta na Gwaggo ne, yayar surukinta. Ɗan Gwaggo, Nomau, ya bi 'yan Sawaba ya shiga daji tun damina, ana nemansa. Da tsohuwar ta hango soja sai ta ja ƙyaure ta yi lamo. Aka buga, aka gaji, aka wuce. Ba a rubuta gidan ba, ba a rubuta Shatu ba, yarinya 'yar shekara tara da Gwaggo ke riƙo.

Kowa a unguwar ya san Suwaiba ba ta sakar wa Shatu fuska. In yarinyar ta shigo ta ce, "Yaya, ina kwana," sai ta amsa tana kallon turmi. "Ke" take ce mata, ko "waccan." In ta gama tuwo ta ajiye wani a ƙoƙo gindin danga ta tafi abinta, ba ta taɓa cewa ga na wane ba.

Kwana takwas motar ta dawo da akwatin sanyi. Gwaggo ba ta iya fitowa gaban soja. Suwaiba ta kama hannun yaranta ta nufi gindin gawo, ta ce ba tare da ta waiwaya ba, "Ke, biyo mu."

Aka yi wa Gado, aka yi wa Halima, aka yi wa Idrisa. Suwaiba ta tura Shatu gaba da gwiwar hannu.

Mai rubutu ya bi takardarsa da yatsa. "Wannan babu ita."

"Malam, a taimaka. Yarinya ce."

"Mama, allura a ƙirge take. Gidan da ban rubuta ba, ba ni da iko." Ya dubi yarinyar, ya sassauta murya, don ba mugun mutum ba ne. "Amma in ɗiyarki ce na manta, sai in ƙara ta a gidanki yanzu. Ɗiyarki ce?"

Dattawan gari suna zaune a tabarma, surukinta a tsakiyarsu. Matan da ke layi suka sunkuyar da kai. Sojan ya gyara ratayar bindigarsa. Wanda ya buɗe baki kan abin da ya shafi gidan Nomau, ya san inda zai kwana.

Suwaiba ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Bakinta ya motsa sau biyu.

"Ta Gwaggo ce," ta ce.

Aka rufe akwati. Mota ta tashi.

Washegari ta ɗaura zani ta kama hanyar Gidan Rumji a ƙafa, ko za ta cim ma masu allurar inda ba idon gari. A mararraba jandarma suka tambaye ta takardar wucewa. Ba ta da ita. Ta roƙa har rana ta karkata, suka ce ta koma tun suna ganin mutuncinta. Ta koma.

Sati biyu tsakani zazzaɓi ya kama Shatu. Ido ya yi ja, ƙuraje suka feso, sannan suka koma ciki. Gwaggo ta yi turare, ta yi rubutu, ta dafa saiwa. Suwaiba tana dama kunu tana miƙawa ta saman danga, ba ta shiga ɗakin sai in babu kowa. Rana ta shida da hantsi tari ya tsaya.

Gwaggo aka yi wa gaisuwa. Suwaiba ce ta daka geron sadaka, ita kaɗai, har tafin hannunta ya fashe. Ba wanda ya ga hawayenta.

Bayan wata biyu mai rubutun ya dawo ƙirga sakamako.

"A ɗiyanki akwai wanda ya kamu?"

"Babu."

"Wanda ya mutu?"

Ta dubi ƙasa. "Babu."

Ya yi murmushi ya ja layi. "Ka ga gidan da allura ta yi aiki."

Da ya fita Gwaggo ta zagayo da ɗan ƙunshi: zani ɗaya, munduwa biyu, da warwaro. Ta ajiye a gaban Suwaiba.

"Ga kayanta. Amanar da kika ba ni ran yaye, Mai abu ya karɓi abinsa."

Suwaiba ta rungume ƙunshin a ƙirji ta buɗe baki za ta kira ta, ko sau ɗaya. Sunan bai fito ba. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka uwarta ta yi mata: mace mai kunya ba ta kama sunan ɗiyarta ta fari.