Sunayen Masu Surutu

Ina ɗan shekara goma Baba ya samu gurbin karatu a Doha, muka tare a unguwar Ain Khaled. A Kano ni ne monita, don haka ranar da malamar Turancinmu, wata dattijuwa Ba'amurkiya, ta fita daga aji, sai na yagi takarda na rubuta sunayen masu surutu. Ba wanda ya sa ni. Tana dawowa na miƙa mata da hannu biyu, ina jiran yabo.

Sai ta ƙirga sunayen. Ta ce, "Bakwai. Wanda ya ba da sunan mahaifina ma bakwai ya rubuta."

Mahaifinta malamin makaranta ne. Lokacin da ake farautar 'yan gurguzu a Amurka, hukuma ta matsa wa amininsa lamba, ya lissafa waɗanda suka taɓa zuwa wani taron ma'aikata. Aka kori mahaifin ba shari'a, maƙwabta suka daina gaishe su, har ya mutu bai sake riƙe alli ba.

Na dube ta. Amurkar da muke gani a talabijin? Na ce, "Malama, ai surutu suka yi."

"Mahaifina ma magana kawai ya yi." Ta mayar mini da takardata.

Yanzu na girma, ina aiki. Jiya manajanmu ya ajiye mini biro, wai in rubuta masa direbobin da ke gunaguni. Na mayar masa da bironsa. Na ce masa ni ban ji kowa ba.