Taku Goma Sha Bakwai

Tun daga takalman mutumin, Bapir mai alfadarar haya ya raina shi. Baƙaƙe ne masu sheƙi, na taka dardumar ofis, wai da su zai hau dutse. Ya ce sunansa Jamshid, malamin makaranta ne daga birni, yana son a kai shi tsohon ƙauye, can sama wurin marmaro, inda ba wanda ya sake kwana tun bayan yaƙi.

Gulizar, 'yar Bapir, ita ta kawo masa shayi. Tana dogara sanda, ƙafar wandonta ta hagu a naɗe daga gwiwa, don tana shekara tara ta taka nakiya wurin tsinkar ganye a gefen marmaron nan. Baƙon ya kalli tiren, ya kawar da kai, ya ce ya ƙoshi. A tudunmu ko maƙiyinka ya miƙo maka shayi kurɓa kake yi. Bapir ya ja igiyar akumarin alfadararsa Zarda har sai da ta yi nishi.

Da ma mun saba ganin irinsu. Duk bazara sai wani sakarai ya zo da tsohuwar takarda a aljihu yana neman tukunyar zinariya da wai kakanni suka binne. Wannan ma ga littafinsa nan a aljihun ƙirji, bini-bini ya dafa shi kamar mai ciwon zuciya.

Ga shi ko hawa bai iya ba. A gangare ya rungume wuyan Zarda, a hawa ya zame baya. Da suka wuce gada ta biyu sai ya ce a sauke shi, ya koma bayan alfadarar yana sa ƙafa daidai inda ta cire kofato, kansa a ƙasa, leɓunansa na motsi.

"Mamosta, addu'a kake ko darasi kake bita?" in ji Bapir, don Mamosta muke ce wa malami. "Ɗaga kanka mana, ƙasar ba ta cizo."

"Tana yi, Mam Bapir."

"To ai da ka zauna gida matarka ta rufa maka bargo."

Rana ta take tsaka suka iso dutsen nan mai tsaga. Daga nan hanya ke bi ta sama, ƙasa kuwa gangare ne kore shar har bakin marmaro, an jera duwatsu masu jan fenti a gefensa, alamar akwai nakiya. Ciyawar wurin ta kai gwiwa, don shekara talatin ba bakin dabbar da ya taɓa ta. Fuskar malamin ta yi fari fat. Bapir ya tofar da yawu. Ƙato da gashin baki, jan fenti kawai ya kaɗa masa hanji.

Sai makwarwa ta tashi fir daga ƙarƙashin hancin Zarda. Alfadarar ta zabura, ta fizge ragama, ta tsallake jajayen duwatsun ta gangara. Ba ta tsaya ba sai tsakiyar gangaren, ta sa baki a ciyawa.

Bapir ya tsaya cak a bakin jan fenti. Zarda ce garin burodin gidansa, ita ce itacen hunturu, ita ke kai Gulizar asibiti in dungun ƙafar ya kumbura. In ya kira ta, za ta juyo ta taka nakiya. In ya ƙyale ta, za ta bi ciyawa ta taka.

Malamin ya tuɓe kwat ɗinsa ya ninke a kan dutse. Ya buɗe littafin ya duba sau ɗaya. Sannan ya jingina bayansa da tsagar dutsen, ya saita fuskarsa da marmaro, ya tsallaka jan fenti.

"Kai, mahaukaci! Dawo! Ba zinariya a nan, gawarka ma ba mai ɗaukowa!"

Bai waiwayo ba. Yana tafiya yana ƙirgawa a bayyane, da takalman nan nasa na banza. A taku na tara ya karkata dama. A na goma sha bakwai ya kama ragamar, ya shafa wuyan Zarda, ya juya ta a hankali kamar mai juya tiren ƙwai. Ya jawo ta a kan sawunsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har kofatonta na baya ya haye kan hanya.

Bapir ya rungume kan alfadarar ya yi kuka, bai ji kunya ba. Kunyar daga baya ta zo, da ya tuna duk abin da bakinsa ya faɗa tun safe.

"Mamosta, na ci mutuncinka, ka yafe mini. Yau a gidana za ka ci abinci. Gulizar da hannunta za ta yanka maka kaza."

"Ba zan iya cin abin hannunta ba."

"Har yanzu ƙyamarta kake?"

Malamin ya miƙa masa littafin a buɗe. Takardar ta yi ja don tsufa. Ga dutse mai tsaga an zana da fensir, ga marmaro, ga ɗigo-ɗigo layi uku a tsakaninsu.

"Ka kai wa masu tono nakiyoyi, na zo ne in tabbatar alamun ba su gushe ba," in ji shi. "Arba'in da biyu ne, Mam Bapir. Ina soja ɗan shekara goma sha tara, da hannun nan na binne su."