Keken Ɗan Gwalkwas

Labaran na tsugune yana wa wata tsohuwar taya faci, sai ga wani mutum ya turo keke har bakin rumfarsa, tayar baya a kwance. Gajeren wando, hular kwano irin ta Turawa, tabarma da ƙunshin kaya a ɗaure bisa kariya. Keken kuwa, wallahi duk Tudun Wada babu irinsa.

Ya buɗe baki zai yi magana kenan sai Anayo, mai sayar da kayan keke a shagon kusa, ya ƙwala kira: "Labaran angon Ishatu! Yau ma sai Gyallesu?" Baƙo ya rufe bakinsa. Ya dubi Labaran sama da ƙasa, sannan ya nuna taya da yatsa.

Aka yi masa Hausa, shiru. Anayo ya gwada Turanci, da ƙyar ya ciro cewa daga Kumasi yake, ƙasar Gwalkwas, kuma a kan keken nan ya taho. Da aka tambayi inda za shi sai ya wurga hannu gabas. Anayo ya ce Fallomi ce ta ƙasar Faransi, kowa ya yarda.

To ka san halin da Labaran ke ciki lokacin. Ya nemi auren Ishatu, an ce ya dakata sai dangin ubanta da ke Gyallesu sun gama bincike a kansa. Tun daga ranar ya zama waliyyi. Sahun gaba a masallaci, kuma ko tsohon da bai sani ba in ya fito daga wajen Gyallesu sai ya zube ya gaishe shi. Amma wanda ba ya jin Hausa fa? Wa zai faɗa wa?

Yana yin facin yana wa baƙo murmushi, yana ce wa Anayo, "Dubi sarƙar nan, sabuwa fil. Ina wannan ƙato ya san darajarta?" Ya cire ta, ya sa masa tasa mai tsatsa.

"Labaran, ka ji tsoron Allah," in ji Anayo.

"Ina ji mana. Aro ne, in ya dawo daga Fallomi ya karɓa."

Baƙo ya yi tari, ya hau ya tafi. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo da tsinkakkiyar sarƙa a hannu. Ya yi zane a ƙasa da tsinke: ya fasa bi ta Kano, ta Jos zai bi, amma sai gobe. Ya shimfiɗa tabarma a gefen rumfa.

Gobe ta yi, Labaran ya musanye masa feda. Jibi sirdi. Kullum baƙo da sabon zane a ƙasa: yau ruwa ya cinye gada, gobe ƙafa ke ciwo, wata rana ma cewa ya yi jirgin ƙasa zai jira. Labaran har alfahari yake, wai shi ya ɗaure shi. Da yamma mutumin ya ɓace, da safe a gan shi zaune yana shan koko da ƙosai kamar a nan aka haife shi.

Shi kuwa Labaran baki ya samu wurin sakewa. Ya faɗi yadda yake sa tsohon tub a cikin taya ya ce sabo ne. Ya kwaikwayi tafiyar mahaifin Ishatu. Ya ce, "Masu binciken nan ma, tsofaffi ne da ba sa gani. Ka ba su goro, su ce yaron kirki." Baƙo ya sunkuyar da kai yana ta gyara hula.

Amma in gaskiya za a faɗa, in ya zo kan Ishatu muryarsa sauka take yi. Ya ce in ya rasa ta, rufe rumfa zai yi ya shiga duniya.

Wata safiya aka wayi gari ba tabarma, ba baƙo. Da azahar saƙo ya zo daga Gyallesu: an gama bincike, Labaran ya zo ya gai da Malam Kailani, yayan mahaifin Ishatu, wanda auren ke hannunsa.

Ya sha wanka, ya goge kekensa, rabinsa na ƙyalli rabi na tsatsa. Ya jingine shi a ƙofar gida, ya cire takalmi, ya shiga zaure ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa."

"Yauwa, ɗan samari," aka amsa da Hausar Zazzau tsantsa. "Ɗago mu ga juna mana. Ai mu tsofaffi ba ma gani sosai."

Labaran ya ɗago. Babbar riga, rawani, carbi, ga kuma fuskar nan da ya kwana biyu yana wa dariya a gefen rumfarsa. Kai da kai ne, da wane bakin za ka ƙarasa gaisuwar?